Daga Wasaki Zuwa Gugan Roba: Tarihin Tsohuwar Taya a Ƙasarmu



Kafin mota ta shigo ƙasar Zamfara, da wasakin fata ake jan ruwa a rijiya, takalmi kuwa sai an je wurin dukawa. Majema su jeme, baduku ya ɗinka. Da manyan motoci suka fara bin hanyar Gusau zuwa Anka, Daki Takwas har Gummi, sai suka riƙa barin tsofaffin tayoyi a tasha, mutanenmu kuma ba su bari sun lalace ba.

Robar cikin taya ta zama guga, ga araha, ga ba ta ruɓewa a ruwa. Bayan tayar aka yanka takalmin da ƙaya ba ta hudawa, manomi da makiyayi a Bukkuyum suka rungume shi. Ragowar ita ce robar ɗaure kaya a babur. A ganina dukawa ne suka biya kuɗin wannan sauƙi, don cinikin wasaki ya mutu a hannunsu, ba wanda ya yi musu jaje.

A wasu wurare an wuce nan. Tun shekarun 1960 wani injiniya, Charles McDonald, ya gauraya niƙaƙƙiyar taya da kwalta ya gyara titunan Phoenix a Amurka. A Ibadan, kamfanin Freee Recycle yana niƙa ta yana buga bulon daɓe.

Mu kuwa wadda ta fi ƙarfin wuƙar mai takalmi, babbakar ƙafar saniya ake yi da ita. Yankin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, yau yaransa ke tsaye cikin wannan baƙin hayaƙi.