Tarihin Binciken Ji da Tsinkaye

A ilimin halayyar ɗan'adam ana rarrabe abu biyu. Akwai saƙon da ido, kunne, hanci, harshe da fata suke karɓa, shi ne ji. Akwai kuma ma'anar da ƙwaƙwalwa take ba saƙon, wato tsinkaye. An daɗe ƙwarai kafin a gane bambancinsu.

Wasu masanan Girka na da sun ɗauka haske ne yake fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wajen 965, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya rushe wannan zato a littafinsa Kitab al-Manazir. Cikin hujjojinsa akwai wadda kowa ya sani: duk wanda ya ƙura wa rana ido sai ya ji zafi, ke nan daga waje haske yake shigowa. Ya kuma nuna cewa gane nisan abu ko girmansa ba aikin ido kaɗai ba ne, sai hankali ya gwada shi da abin da ya saba gani. Gudummawarsa ta fi ƙarfin 'yan layukan da akan ba shi a littattafan koyo.

A Jamus aka fara auna ji da lissafi. Ernst Weber na Jami'ar Laifzig ya riƙa ɗora tsinaye biyu a jikin mutum yana tambayarsa nawa ya ji. A bakin harshe, tazarar kusan milimita ɗaya ta isa a ji biyu. A gadon baya kuwa, sai an buɗa su santimita da dama, in ba haka ba mutum ya rantse ɗaya ne. A binciken da ya wallafa a 1834 ya nuna cewa gwargwadon nauyin abin da ke hannunka, gwargwadon ƙarin da za a yi kafin ka ji an ƙara.

Gustav Fechner ya ɗora a kan wannan. Wajen kallon rana don nazarin hoton da ke saura a ido ya raunata ganinsa, har ya daɗe yana gudun haske. Da ya samu sauƙi, ya fitar da littafinsa a 1860, wanda ya kafa hanyar auna alaƙar ƙarfin abu da yadda ake jin sa. A 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajin ilimin halayya na farko a Laifzig.

Max Wertheimer ya nuna a 1912 cewa idan aka haska layi biyu bi da bi da sauri, mai kallo zai ga motsi alhali babu abin da ya gusa. David Hubel da Torsten Wiesel kuma, a 1959, suka gano a ƙwaƙwalwar kyanwa wasu ƙwayoyi da ba sa amsawa sosai sai an nuna musu layi mai wata karkata ta musamman. Wannan aiki ya sama musu kyautar Nobel a 1981.