Fim ɗin gwaji: mene ne shi, kuma ta yaya ake yin sa?

A shekarar 1929 aka nuna wani gajeren fim a birnin Faris mai suna Un Chien Andalou, na Luis Buñuel da Salvador Dalí. A farkonsa wani mutum ya wasa aska, ya buɗe idon wata mata, sai a nuno siririn gajimare yana ratsa wata, sai kuma aska tana yanka ido. Ni da na tashi cikin shanu a kara, da na tsayar da hoton na duba da kyau, sai na ga ai gashin dabba ne a gefen idon. Ashe idon mataccen maraƙi suka yanka. Jera hotunan ne kawai ya sa muka yarda na matar ne. Wannan shi ya ja ni bin diddigin abin da ake kira fim ɗin gwaji.

A taƙaice, fim ne da mai yin sa ke cire wani abu da muke ganin dole ne a fim, kamar labari ko kyamara ko motsi, don ya ga abin da zai rage. Yawanci mutum ɗaya ko biyu ne ke yi da kuɗi kaɗan, kuma an fi nuna shi a gidajen adana kayan fasaha da jami'o'i, ba sinimar kasuwa ba. Ga manyan ire-irensa.

Wanda ba labari. Buñuel da Dalí daga mafarkansu suka ɗauko hotunan, har da tafin hannu da tururuwa ke fita daga ciki. A wannan shekarar dai, Dziga Vertov na Tarayyar Sobiyat ya fitar da Man with a Movie Camera, babu 'yan wasa, rayuwar birni ce kawai daga safe zuwa dare. Ya raba allo biyu, ya ɗora hoto kan hoto, ya rage gudun motsi, ya daskarar da shi. Matarsa Elizaveta Svilova ce ta yi aikin tacewa.

Wanda ba kyamara. A da ana ɗaukar fim ne a kan doguwar leda mai ramuka a gefe, hotuna 24 na wucewa cikin sakan ɗaya. A 1935 Len Lye ya shafa fenti kai tsaye a kan ledar ya yi A Colour Box. A 1963 Stan Brakhage na Amurka ya tattara fikafikan ƙwarin nan masu zagaya fitila da dare, da furanni da ciyawa, ya manna su tsakanin salatef biyu, aka wanke shi ya zama Mothlight, kusan minti 4.

Na tsince-tsince. Nan mutum ba ya ɗaukar komai, tsofaffin finafinan wasu yake yankawa ya haɗa su ba da sabuwar ma'ana. Bruce Conner ya yi haka a A Movie, 1958.

Mai wasa da lokaci. Empire na Andy Warhol, wanda aka ɗauka a 1964, awa 8 da minti 5 ne ana kallon dogon bene ɗaya a New York, kyamara ba ta gusa ba. Wavelength na Michael Snow, 1967, minti 45 ana zuƙo hoton bangon ɗaki sannu a hankali. Shi kuwa La Jetée na Chris Marker, 1962, kusan duka hotuna ne marasa motsi da murya a kai.

Wanda ba hoto. The Flicker na Tony Conrad, 1966, baƙi da fari ne kawai ke ƙyaftawa, har sai da aka sa gargaɗi ga masu farfaɗiya a farkonsa. Derek Jarman na Birtaniya ya yi Blue a 1993 yana cikin rasa ganinsa saboda cutar ƙanjamau: allo shuɗi daga farko har ƙarshe, sai muryoyi da kiɗa. Shekara na zagayowa ya rasu.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty ɗan Sanagal, 1973, yana da labari, amma salonsa na gwaji ne. Ya buɗe da garke ana kora shi mayanka, jarumin kuma ya ɗaure ƙahon sa a gaban babur ɗinsa yana mafarkin zuwa Faris.

To wani zai ce, wannan ai ɓata lokaci ne. Gaskiya wasu akwai gundura. Amma raba allo da daskarar da hoto da kowa ke yi yau a waya da tallan talabijin, irin waɗannan mutanen ne suka fara matsa musu hannu tun ana yi musu kallon mahaukata. Shawarata, ka fara da gajeru, kada ka tambayi me ya faru, ka tambayi me aka cire. Kuma duk yaron da ke cewa rashin kuɗi ne ya hana shi yin fim, ya tuna da mutumin da ya yi nasa da fikafikan ƙwari.