Daga Ido Zuwa Gwajin DNA: Tarihin Gano Cututtukan Jinin Tumaki da Awaki

Maƙalarmu ta wannan mako tarihi ce, sai dai babu sarki ko yaƙi a cikinta. A garke za mu yini.

Duk mai kiwo ya san alamun. Tunkiya ta daina kiwo, jiki ya ɗau zafi, a buɗe fatar ido a ga ta yi fari fat ko ta yi ɗorawa, wani lokaci fitsari ya koma ja. Mai ita zai ce shawara ce, ko ciwon kaska, ko sammore. Matsalar ita ce ƙwayoyin cuta daban-daban ne ke kawo waɗannan alamu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Allurar Berenil tana kashe Babesia da ƙwayar sammore, amma ba ta taɓa Anaplasma, wadda sai maganin oxytetracycline. Theileria kuwa nata maganin daban. Idan aka yi kuskuren suna an yi kuskuren allura, kuma akuyar da wata baiwar Allah ke tattali don kayan ɗakin 'yarta ta tafi ke nan.

A 1888 wani likita ɗan Romaniya, Victor Babeş, ya leƙa jinin shanu masu fitsarin jini ta madubin ƙara girma, ya ga wasu 'yan halittu zaune cikin jajayen ƙwayoyin jinin. A 1892 ya ga irinsu a jinin tumaki. Daga sunansa aka samo Babesia. A 1893 Theobald Smith da Fred Kilborne a Amurka suka tabbatar cewa kaska ce ke ɗaukar cutar daga saniya zuwa saniya. Makiyayan can sun daɗe suna zargin kaska, masana ne suka ƙi yarda. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar ƙwaro mai shan jini na yaɗa cuta, tun kafin a kama sauro da laifin zazzaɓin cizon sauro.

Sauran aikin ya koma Afirka. Arnold Theiler, ɗan Suwizalan da ya zauna a Afirka ta Kudu, shi ya bayyana ƙwayar da aka sa wa suna Theileria, sannan a 1910 ya bayyana Anaplasma a shanu. Makaminsa da na duk tsararsa ɗaya ne: a ɗigo jini a kan gilashi, a shafe shi siriri, a bar shi ya bushe, a zuba rini, a leƙa. Rinin da Gustav Giemsa ya daidaita a 1904 shi ne har gobe ake amfani da shi, har a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Filato, wadda ta fara aiki a wurin a 1924.

Ido ya yi ƙoƙari, amma yana da iyaka, kuma a kan tumaki da awaki iyakar ta fi fitowa fili. Ɗauki Theileria. Akwai nau'in da ake kira ovis, wanda kusan ba ya yi wa tunkiya komai. Akwai kuma lestoquardi, mai kisa, wanda ya addabi makiyaya a Sudan da Iran da Iraƙi. A kan gilashi kamarsu ɗaya, kamar an tsaga kara. Mai dubawa zai iya cewa "akwai Theileria", amma ba zai iya rantsewa wacce ba ce. Sannan dabbar da ta warke ba ta rabuwa da ƙwayar gaba ɗaya. Kaɗan na saura a jini, ƙasa da abin da ido zai riska, kaska kuwa ta sha ta kai wa na gaba. Mafi ban takaici ita ce cutar da ke tara ruwa a jakar zuciya, wadda Edmund Cowdry ya gano ƙwayarta a 1925. Ita ba a jajayen ƙwayoyin jini take zama ba, a bangon ƙananan jijiyoyi take ɓuya. Don haka a da hanyar tabbatar da ita ita ce a jira dabba ta mutu, a fasa kai, a shafa ƙwaƙwalwa a gilashi.

Bari in ɗan ratse, tunda marubuta ne mu. Kalmar "ƙwayar cuta" ta yi wa wannan fage faɗi da yawa. Babesia da Theileria dangin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ne, Anaplasma kuwa bakteriya ce. Wanda zai yi rubutu a kai dole ya ƙara jimla guda ta bayani, in ba haka ba mai karatu zai ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Abin da ya sauya lissafi bai fito daga asibitin dabbobi ba. A 1983 Kary Mullis, ma'aikacin wani kamfani a Kalifoniya, ya ƙirƙiro dabarar da ake kira PCR, wadda ta ba shi kyautar Nobel a 1993. Kowace halitta tana da DNA, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin jikinta, kuma kowane nau'i yana da wani layi a rubutun da babu mai irinsa. PCR tana nemo wannan layi ta yi ta kwafarsa. Ana ɗumama samfurin, a sanyaya, a sake ɗumamawa, kowane zagaye adadin ya ninka. Zagaye 30 na iya mayar da kwafi ɗaya ya haura biliyan. Sinadarin da ke yin kwafin, wanda zafi ba ya lalatawa, daga wata bakteriya aka samo shi mai rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone.

A 1999 masu bincike a Utrecht ta ƙasar Holan suka fito da hanyar gwada jini ɗaya a kan nau'o'i da yawa a lokaci guda. Da shanu suka fara, daga baya aka daidaita ta ga tumaki da awaki. Nan fa aka fara gyara tsofaffin littattafai. A arewa maso yammacin Sin akwai cutar da ke kashe tumaki, wadda aka daɗe ana ɗora wa lestoquardi. DNA ta nuna wasu nau'o'i biyu ne daban, aka raɗa musu luwenshuni da uilenbergi a 2007. A 2015 kuma, a Sin ɗin dai, aka ba da rahoton wata Anaplasma ta awaki, capra, a jinin mutanen da kaska ta ciza.

A ganina, a nan ne labarin ya fi daɗi, domin gwajin ya warware wata matsala ya haifo wata. Da can ana kukan ba a gani, yanzu ana gani har ya yi yawa. A gwada garken da ke kiwo lafiya lau, sai a tarar da dabbobi da dama ɗauke da ƙwaya, wasu ma iri biyu ko uku. Shin cuta ce ko zaman lafiya? A yankunan da kaska ta zama 'yar gida, ɗan rago kan kamu tun yana ƙarami, ya samu kariya, ya rayu da ƙwayar. Wanda ke shiga uku shi ne baƙon iri da aka kawo daga inda babu cutar. PCR ba ta bambance ƙwayar da ke kisa yanzu da wadda ke kwance, har DNA ɗin wadda ta riga ta mutu tana iya kamawa. Sakamakon takarda bai isa a ce a yi allura ba, sai likita ya haɗa da zafin jiki da yawan jini da tarihin garken.

Ga kuma tsada. Na'urar na son wuta tsayayya, sinadaran na son sanyi, kuma daga waje ake sayo su. Shi ya sa a ƙasashenmu gwajin ya fi zama a jami'o'i da cibiyoyin bincike. Abubuwa biyu sun rage nisan. Ɗaya ita ce takardar musamman da ake ɗiga jini a kai ya bushe, a aika da shi ba tare da ƙanƙara ba. Ɗayar ita ce dabarar LAMP da masana a Jafan suka bayyana a 2000, wadda ba ta buƙatar hawa da saukar zafi. Zafi ɗaya take so, wajen digiri 65, kuma cikin kamar awa guda ana iya ganin sakamako da ido ta sauyin launin ruwan da ke cikin kwalbar.