2.3 Tarihin Na'urar Rarraba Wasiƙun Imel: Daga Amana Zuwa Tankaɗe da Rairaya

Na'urar rarraba wasiƙun imel kwamfuta ce da ke yin aiki irin na gidan waya, wato karɓar wasiƙa, da isar da ita, da kuma adana ta a akwatin mai ita. Wannan sashe zai yi ƙoƙarin nuna yadda aikin mai kula da ita ya sauya daga isarwa kawai zuwa tacewa.

A shekarar 1982 ne Jon Postel ya fitar da ƙa'idar aika wasiƙu da ake kira SMTP. A wancan lokaci yawancin masu amfani da hanyar malaman jami'o'i ne da ma'aikatan bincike a Amurka, saboda haka ƙa'idar ba ta tanadi tantance mai aikowa ba. A 1983 kuma manhajar Sendmail, wadda Eric Allman ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta fito ta kuma yaɗu. Duk wanda ya miƙa mata wasiƙa, ko baƙo ne, takan isar masa.

Sai dai wannan amana ba ta ɗore ba. A watan Nuwamba na 1988, wata muguwar manhaja da ɗalibi Robert Morris ya saki ta bi ta wata kafa a Sendmail da wasu manhajoji, ta gurgunta dubban kwamfutoci. Bugu da ƙari, a shekarun 1990 'yan talla suka mayar da buɗaɗɗun na'urori jakunan ɗaukar tarkacen wasiƙunsu. Wannan ya sa fitowar Sendmail ta 8.9 a 1998 ta daina isar wa baƙo wasiƙa sai da izinin mai kula. Haka kuma aka samar da matatai: Procmail (1990) tana ware wasiƙu bisa sharuɗɗan da aka rubuta mata, SpamAssassin (2001) kuwa maki take ba kowace wasiƙa, idan ya haye iyaka a yi mata alamar tarkace.

Ta fuskar ajiya ma an sami sauyi. Tsohon tsari mai suna mbox yakan tara dukkan wasiƙun mutum a fayil guda, ta yadda idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, akwatin na iya lalacewa. A tsakiyar shekarun 1990 Daniel Bernstein ya kawo tsarin Maildir, inda kowace wasiƙa ke da nata fayil.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa mai kula da wannan na'ura ya tashi daga masinja ya koma mai gadin ƙofa. Aikin nasa kuwa kaifi biyu gare shi: in ya sassauta matata tarkace ya cika akwati, in ya tsaurara, wasiƙar ɗaukar aiki ko ta asibiti ta salwanta ba tare da mai ita ya sani ba.