Norman Wilkinson

Norman Wilkinson (24 ga Nuwamba, 1878 – Mayu, 1971) mai zane ne kuma marubuci ɗan ƙasar Ingila, wanda ya ƙware a zanen teku da jiragen ruwa. An fi saninsa da wani salon fenti da ya ƙirƙiro wa jiragen ruwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin a rikita maharan da ke auna su daga ƙarƙashin teku.

Farkon rayuwa da aiki

An haife shi a garin Cambridge. Ya yi karatu a makarantar Berkhamsted, sannan ya koyi zane a Portsmouth, garin tashar jiragen ruwa, da kuma birnin Faris. Daga 1898 ya riƙa yi wa jaridar Illustrated London News zane. Hotonsa na tashar Plymouth yana rataye a ɗakin shan taba na manyan fasinjoji a jirgin Titanic, kuma ya nutse tare da jirgin a 1912.

Fentin rikita ido

Wilkinson ya shiga rundunar sojan ruwa ta 'yan sa-kai, aka tura shi mashigin Dardanelles a 1915. A watan Fabrairun 1917 Jamus ta koma nutsar da jiragen kasuwanci ba tare da gargaɗi ba, har a watan Afrilu kaɗai aka yi asarar jiragen da nauyinsu ya haura tan 800,000. Birtaniya kuwa ta teku take samun yawancin abincinta.

Abin da Wilkinson ya lura da shi shi ne, jirgi ba ya ɓuya a teku. Launin sama da na ruwa suna sauyawa kowane lokaci, hayaƙi kuma yana tona asirinsa daga nesa. Sai ya ce a daina ƙoƙarin ɓoye shi, a rikita mai harbi. Makamin topido yana ɗaukar lokaci kafin ya isa, don haka dole mai leƙe ta madubin jirgin ƙarƙashin ruwa ya ƙiyasta saurin jirgin da inda ya dosa, ya harba zuwa inda zai kai, ba inda yake ba. Idan aka yi wa jirgi manyan ratsi-ratsi masu karo da juna, baƙi da fari da shuɗi, kamar jikin jakin dawa, yana da wuya a rarrabe gabansa da bayansa. Turawa sun kira salon “dazzle”, kalmar da ke nufin hasken da ke kashe ido.

An ba shi ɗakunan aiki a Royal Academy da ke Landan. A can ake fentin ƙananan jirage na katako, galibi mata ne ke wannan aiki, a duba su ta madubin leƙe kafin a amince da zane. Ko ɓangarori biyu na jirgi ɗaya ba a yi musu zane iri guda. Kafin ƙarshen yaƙin an fenti dubban jiragen kasuwanci da ɗaruruwan na yaƙi, kuma a 1918 ya je Amurka ya ba sojan ruwanta shawara.

Ko salon ya ceci jirage? Kwamitin da hukumar sojan ruwa ta kafa a 1918 bai sami tabbatacciyar hujja ba, domin a lokacin ne aka fara tafiyar da jirage cikin ayari tare da rakiyar jiragen yaƙi, wanda shi ne ya fi rage asara. Duk da haka an ci gaba da fentin saboda yana ƙarfafa wa ma'aikatan jirgi gwiwa. Bayan yaƙin, masanin dabbobi John Graham Kerr ya ce shi ya fara kawo shawarar tun 1914, amma hukumar da ta duba batun ta ba Wilkinson ladan fam 2,000.

Littattafai da sauran ayyuka

Littafinsa The Dardanelles: Colour Sketches from Gallipoli ya fito a 1915, tarihin rayuwarsa mai suna A Brush with Life kuma a 1969. Ya zana hotunan talla masu yawa ga kamfanonin jirgin ƙasa, musamman LMS. A ranar 6 ga Yuni, 1944, ya kalli saukar sojojin ƙawance a Normandy daga jirgin HMS Jervis. Jerin zane-zanensa na wannan yaƙi, The War at Sea, yana gidan tarihin teku na Greenwich. Ya shugabanci ƙungiyar Royal Institute of Painters in Water Colours daga 1936 zuwa 1963, aka ba shi lambar girma ta CBE a 1948. Ya rasu yana da shekara 92.