Wane Ne Gwarzon Zamaninsa? Shago da Matsalar Auna Fifiko a Tarihin Damben Hausawa

1.0 Gabatarwa

A duk inda masu sha'awar dambe suka haɗu a ƙasar Hausa, da wuya a tashi hira ba a taɓo gardamar wanda ya fi kowa ba. Dattawa sukan kafe a kan Shago, wasu su kawo Ɗandunawa ko Ado Ɗan Kore, matasa kuma su ambaci na yanzu irin su Ali Ƙanin Bello da Dogo Mai Takwasara. Manufar wannan takarda ita ce ta duba wannan gardama ta fuskar tarihi, ta fito da ma'aunan da Hausawa suke amfani da su wajen fifita wani ɗan dambe a kan wani, sannan ta nuna abin da ɗalibin adabin baka zai koya daga cikinta.

2.0 Dambe a Tarihin Hausawa

Dambe tsohon wasa ne wanda aka fi dangantawa da mahauta. Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda ya sauka Kano a shekarar 1824, ya rubuta cewa ya sa kuɗi wuri 2,000 domin a nuna masa wasan, sai 'yan dambe suka zo da makaɗa, mahautan gari suna biye da su. Ya kuma ce ya hana a yi da gaske, saboda labarin da ya samu cewa akan rasa rai a ciki. Wannan ya nuna cewa shekara 200 da suka wuce dambe ya riga ya kafu, yana da ma'abotansa da kiɗansa.

A al'ada lokacin kaka ake yin dambe, bayan an kawar da amfanin gona, 'yan wasa suna yawo gari gari. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare domin kai naushi, ɗaya hannun kuma ya bar shi buɗe domin kariya. Akan yi turmi uku. Idan mutum ya faɗi, ko gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, sai a ce an kashe shi. In kuwa aka gama ba wanda ya je ƙasa, sai a ce babu kisa, a raba su. Ya kamata a lura da abu biyu a nan. Na farko, a damben da ba a auna nauyin 'yan wasa. Na biyu, ba wanda yake riƙe da littafin da ake rubuta sakamakon kowace karawa. Waɗannan abubuwa biyu su ne tushen wahalar da ake sha wajen raba gardamar.

3.0 Zamanin Shago

Idan ana maganar damben shekarun 1960 da 1970, sunan da ya fi fitowa shi ne na Shago. A zamanin akwai wasu manyan 'yan dambe, kamar Ɗandunawa da Ado Ɗan Kore da Ummarun Gundumi, kuma kowannensu yana da masu goya masa baya. Hamayyar Shago da Ɗandunawa ita ce ta fi zama abin hira, har yau ana ba da labarinta ta fuskoki daban daban, gwargwadon ɓangaren da mai ba da labarin yake.

Sai dai akwai mutum guda da ba a iya raba shi da wannan zamani, wato makaɗin kalangu Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin Gandi ta ƙasar Sakkwato. Waƙar da ya yi wa Shago tana cikin fitattun waƙoƙin maza na Hausa. Gidajen rediyo da faifai da kaset sun kai ta wuraren da Shago bai taɓa ɗaura zare ba. Akasarin waɗanda suke rantsuwa da Shago a yau ba su taɓa ganin dambensa ba, waƙar suka ji. Ke nan tambayar da ke gaban mai nazari ita ce: hannun Shago ne ya fi na kowa, ko kuwa makaɗinsa ne ya fi makaɗin kowa?

4.0 Ma'aunan Fifiko

Idan aka saurari masu gardamar da kyau, za a ga ma'auni huɗu suke juyawa.

Na farko shi ne yawan kisa. Wannan ne ma'aunin da kowa yake fara kawowa, amma shi ne mafi rauni, domin lissafin yana bakin magoya baya ne. Mai ƙaunar ɗan dambe yakan riƙe kisan da gwaninsa ya yi, ya manta ranar da aka buge shi.

Na biyu shi ne darajar abokin karawa. Kashe sabon shiga goma bai kai kashe shahararre guda ba. Wannan ne ya sa sunan Shago ba ya fitowa sai da na Ɗandunawa, domin girman kowannensu yana rataye da girman ɗaya.

Na uku shi ne daɗewa a fage. Akwai wanda yakan yi tashe kaka ɗaya ko biyu ya ɓace, akwai kuma wanda zai shekara da shekaru ana shakkar tare shi. Hausawa sukan ba na biyun girma ko da an taɓa kai shi ƙasa.

Na huɗu shi ne magada. Sunayen 'yan dambe suna ɗauke da salsalarsu: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane. Wanda ya yaye yara suka yi suna, sunansa yakan ci gaba da shiga fage bayan ya ajiye zare. Haka kuma rabuwar 'yan wasa zuwa ɓangarori, wato Kudu da Arewa da Guramaɗa, tana sa kowane ɓangare ya riƙe gwarazansa ya ɗaukaka su.

Bayan waɗannan akwai batun asiri. Layu da gurayen da ɗan dambe yake ɗaurawa suna cikin abin da 'yan kallo suke lissafawa, har wani ya ce ba ƙarfi ya ba wane nasara ba, shiri ne. Mai nazari zai ɗauki wannan a matsayin shaidar yadda al'umma take fassara nasara da faɗuwa.

5.0 Darasi Daga Damben Zamani

Ana iya zaton da an rubuta sakamako da gardama ta ƙare. Tarihin damben Turawa bai nuna haka ba. An san Joe Louis ya riƙe kambin duniya na masu nauyi daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. An san Rocky Marciano ya yi wasa 49 ba a taɓa cin sa ba. An san Muhammad Ali ya ci wasa 56, an ci shi sau 5, kuma ya karɓi kambin sau uku, ciki har da ranar da ya buge George Foreman a Kinshasa a 1974. Duk da waɗannan alƙaluma mutanen Amurka ba su daina gardama ba. A 1969 har aka ɗauki fim ɗin Ali da Marciano suna kwaikwayon karawa, aka ce kwamfuta ce za ta fitar da gwani. Da aka nuna fim ɗin a Amurka a watan Janairun 1970, Marciano aka ba nasara, amma hakan bai sauya ra'ayin masoyan Ali ba. Dalili kuwa shi ne alƙaluma suna faɗin abin da mutum ya yi wa mutanen zamaninsa ne kawai, ba sa faɗin yadda zai kwashe da wanda bai taɓa haɗuwa da shi ba.

Shi ma damben gargajiya ya sauya. A yau akwai gidajen dambe na dindindin, kamar na dandalin Ado Bayero a Kano da na Dei-Dei a Abuja, ana sa gasa ta mota ko babur, ana ɗaukar wasa da waya a sa a YouTube. A 2023 aka fara gasar Dambe Warriors League, wadda take raba 'yan wasa gwargwadon nauyinsu. Saboda haka ɗan damben yau yana da shaidar da Shago bai samu ba, amma kuma duk faɗuwarsa tana ajiye, ana iya maimaita kallonta. Shago kuwa waƙa ta tace tarihinsa, ta bar abin da ya fi armashi. Wanda ya jera su biyun a ma'auni ɗaya ya haɗa hoto da kirari ke nan.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa in ana maganar suna da tasiri a zukatan Hausawa, Shago ne kan gaba a zamaninsa, kuma Ɗan Anace yana da kaso babba a wannan ɗaukaka. Wannan bai rage wa Shago komai ba, domin makaɗi ba ya ɓata kiɗansa a kan rago, kuma 'yan kallon da suka ga wasan da idonsu ba za su karɓi waƙar ba in da ƙarya ce tsagwaronta. Amma waƙa yabo ce, ba a tsara ta domin ta yi wa abokin hamayya adalci ba. Don haka ɗalibin da yake son rubuta tarihin wannan zamani sai ya haɗa waƙoƙin da aka yi wa kowane ɓangare, ya nemi tsofaffin 'yan dambe da makaɗa da sarakunan fawa, ya tambayi kowa inda ya ga wasa da kuma ɓangaren da yake goyon baya. Aikin yana buƙatar hanzari, domin waɗanda suka ga Shago da Ɗandunawa a fage yanzu tsofaffi ne, kuma kullum raguwa suke yi.