Karen da Aka Bari Shi Kaɗai: Yadda Laifi Ya Koma Ciwo

A watan Disamba na 1998, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince wa kamfanin Novartis ya sayar da wani maganin karnuka mai suna Clomicalm. Ciwon da aka yi shi dominsa shi ne fargabar rabuwa, wato halin da kare ke shiga idan ubangidansa ya fita ya bar shi shi kaɗai: ya yi ta haushi da kuka, ya gwaguye ƙofa, ya yi fitsari a tsakar ɗaki ko da an daɗe da koya masa tsabta, wani ma har ya karya haƙori wajen neman mafita. Kafin lokacin, masu karnuka da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin taurin kai ko ramuwar gayya, maganinsa kuwa tsawa da duka. Sauyin fahimtar ya faro ne daga binciken da aka yi kan jarirai.

A 1951, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan yaran da suka rasa iyaye da muhalli, inda ya nuna cewa raba yaro da mai renonsa na yi masa illa ko da ci da sha sun wadata. Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki da shi a Landan, ta tafi Yuganda a 1954, ta riƙa ziyartar iyalai a ƙauyukan kewayen Kampala. Ta lura cewa jariri yakan rarrafa ya yi nisa yana wasa muddin uwarsa na kusa, da ta ɓace masa kuwa wasa ya ƙare. Da ta koma Baltimore a Amurka, sai ta mayar da wannan lura gwaji na kimanin minti 20: uwa da ɗa a ɗakin da bai sani ba, baƙo ya shigo, uwa ta fita, sannan ta dawo.

Wannan gwajin ne József Topál da Ádám Miklósi da abokan aikinsu a Budapest ta ƙasar Hangari suka yi wa karnuka 51 da iyayen gidansu, suka wallafa sakamakon a 1998. Karnukan sun fi sakin jiki da wasa idan ubangidansu na ɗakin, da ya fita sai su tsaya bakin ƙofa, da ya dawo su tarbe shi irin tarbar da ba sa yi wa baƙo. Mafarauci a ƙasar Hausa zai ce ai wannan ba labari ba ne. Amma abin da aka auna aka rubuta shi ne likitan dabbobi zai iya dogara da shi ya gaya wa mai kare cewa dabbarsa tsoro take ji.

Hanyar warkarwa kuwa ta girmi waɗannan duka. A ƙarshen shekarun 1940, Joseph Wolpe, likita a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, ya riƙa jona wa kyanwoyi lantarki a cikin keji har suka ƙi cin abinci a cikinsa ko da yunwa na cin su. Daga nan sai ya ciyar da su a wani ɗaki da bai yi kama da na kejin ba, sannan a wanda ya ɗan fi kama, mataki bayan mataki, har suka koma cin abinci a cikin kejin da suke gudu. Ya bayyana dabarar a littafinsa na 1958, ta zama ginshiƙin maganin tsoro a wajen mutane. Daga kyanwa ta je ga ɗan Adam, daga ɗan Adam ta sauko ga kare, kuma ita ake bi har yau. Mai kare zai ɗauki makulli ya ajiye ba tare da ya fita ba, ya sa takalmi ya zauna, har waɗannan alamu su daina tayar wa karen hankali. Sai ya fita na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo kafin fargabar ta taso, ya riƙa ƙara lokacin kaɗan-kaɗan cikin makonni. Wahalar tana ga mutum: muddin ana cikin horon, bai kamata a bar karen fiye da abin da ya iya jurewa ba, domin wuni guda na firgici kan rusa aikin kwanaki.

Hujjar masu duka ita ce kare ya san ya yi laifi, tunda yana sunkuyar da kai yana noƙe wutsiya idan an dawo. A 2009, Alexandra Horowitz ta Kwalejin Barnard a New York ta gwada wannan da karnuka 14, ta gano cewa wannan kama ta mai laifi tana bin faɗan da aka yi wa kare ne, ko ya ci abin da aka hana shi ko bai ci ba. Wanda ya doki karensa da yamma saboda ɓarnar safe ya ƙara masa tsoro na biyu ne kawai, tsoron dawowar ubangidansa.

Tarihin wannan ciwo tarihin gidaje ne kuma. Karen kiwo ko na farauta yana wuni cikin mutane da dabbobi, da wuya a kulle shi shi kaɗai. Karen birni da ke bene, wanda mutanen gidansa duka ke fita aiki da makaranta tun safe, shi ne ya gamu da sa'o'i takwas na shiru. An ga ƙarfin wannan bayan kullen korona na 2020, lokacin da 'yan kwikwiyon da suka tashi ba su taɓa ganin gida babu kowa ba suka wayi gari ofisoshi sun buɗe.

A 2007, kamfanin Eli Lilly ya fitar da Reconcile, wanda sinadarinsa ɗaya ne da na Prozac da ake ba masu ciwon damuwa, sai dai an sa masa ɗanɗanon naman sa don kare ya tauna. Shi da Clomicalm duka an amince da su ne bisa sharaɗin a haɗa su da horon sauya ɗabi'a, wato dai ɗaukar makulli da ajiyewa, da fita na daƙiƙoƙi a dawo.